Babi na Huɗu: Tsani Mai Hawa Uku

"To yanzu me zai yi?" Wannan ita ce tambayar da ke yawo a tsakar gida duk lokacin da karatun jami'a ya tsinke wa yaro ko yarinya a tsakiya. Uwa ta yi wa uba ita da dare bayan yara sun kwanta, kawu ya yi ta a waya, maƙwabta su yi ta da ido ko da bakinsu bai furta ba. Ta fi nauyi idan karatun na ƙasar waje ne, domin a nan an sayar da fili ko an ci bashi, an yi rakiya har filin jirgin Malam Aminu Kano ana ta addu'a, unguwa kaf ta san ɗan gidan wane ya tafi Masar karatun likita. Bayan shekara biyu ko uku sai ga labari: jarrabawa ta kayar da shi har an sallame shi, ko kuɗin makaranta ya gagara, ko takardu sun ƙi daidaita. Daga nan wani ya ce a dawo da shi ya shiga kasuwa, in mace ce wata ta ce a yi mata aure a huta. Can sai wani ya sassauta murya kamar mai gaisuwar makoki ya ce, "Ko dai a gwada makarantar nas?"

Wannan babin ya tsaya ne a kan shawarar nan ta ƙarshe, da kuma sanyin muryar da ake faɗinta da shi. Abin da zan kafa hujja a kansa shi ne, koyon jinya ta makarantar sana'a hanya ce cikakkiya, mai kai mutum ga aiki da rufin asiri, har ma ga digirin da ya kuɓuce masa tun farko. Amma da sharaɗi biyu: makarantar ta zama mai ƙarewa da lasisi, mai shiga kuma ya san irin aikin da ya ɗaukar wa kansa. Alƙahira wuri ne da ya dace a auna wannan magana, saboda birni ne da 'ya'yanmu suka daɗe suna zuwa neman ilimi, kuma asibitocinsa a kan kafaɗun waɗanda suka bi wannan hanya suke tsaye.

Me ke kayar da ɗalibi?

Kafin a yanke wa yaro hukunci ya kamata a san abin da ya kayar da shi, don ruwa ba ya tsami banza. Mu ɗauki kuɗi tukuna. Ɗalibin waje, wanda Misirawa ke kira wafid, da dala yake biyan kuɗin makaranta. A farkon 2023 dala dubu ɗaya tana kan naira dubu 460 a farashin gwamnati. Zuwa farkon 2024, bayan an saki naira, ta haura miliyan ɗaya da rabi. Uban da ya yi lissafinsa na shekarun karatun ya wayi gari lissafin ya ninka uku, alhali albashinsa ko ribar shagonsa na nan yadda take. Ita ma fam ɗin Masar an sake ta a watan Maris na 2024, ta zame daga wajen 31 zuwa kusan 50 a dala ɗaya, kuɗin haya da na abinci suka tashi a Hayyul Ashir da sauran unguwannin Madinatu Nasr inda ɗalibanmu ke cunkusuwa huɗu ko biyar a gida ɗaya. Sai kuma abin da ya fi ƙarfin kowa. Yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023 ya watsa dubban ɗalibai 'yan Najeriya. Da yawa a motocin safa aka kwaso su zuwa iyakar Masar, daga Aswan aka ɗauko su a jirgi, wasu suna aji huɗu na likitanci ba su ko fito da takardar sakamakonsu ba. A gida kuwa, yajin aikin ASUU ya cinye kusan wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022.

Akwai kuma faɗuwa ta gaskiya, wadda ba a ɗora wa naira ko yaƙi. Yaro ya shiga ajin da ake karantar da tsarin jikin mutum da Turanci, malami yana yi yana surkawa da Larabcin Masar, littafi ya kai kaurin bulo, jarrabawa ta zo ta baki da ta rubutu, ya kasa. Irin wannan ma sai an duba ta da kyau. Karatun likita a shekarunsa na farko hadda ce mai yawa a ɗan lokaci, mutum bai ga majinyaci ba balle ya san amfanin abin da yake haddacewa. Akwai ƙwaƙwalwar da ke jin daɗin haka, akwai wadda ba ta kama abu sai hannu ya taɓa shi. Duk wanda ya san garejin makanikai ya san yaron da allo da alli suka gagara, amma da ya ji ƙarar inji zai gaya maka inda cutar take. Abin da jarrabawar jami'a ta tabbatar shi ne wannan ɗalibi bai dace da wannan salon koyo ba a wannan lokaci. Ba ta ce komai ba a kan ko zai iya gane majinyacin da numfashinsa ya fara canjawa da ƙarfe uku na dare.

Yadda Masar ta gina tsaninta

Su kansu Misirawa sun san wannan ciwo fiye da mu. Jarrabawar ƙarshen sakandare a can, Sanawiyya Amma, ita ke raba wa matasa makoma: ofishin da ake kira Tansiƙ ya dubi makinka ya tura ka inda ya kai, kuma ratar rabin maki kan raba mutum da abin da suke kira kulliyyatul ƙimma, wato tsangayoyin ƙololuwa irin su likitanci da haɗa magunguna da injiniyanci. Duk shekara gidaje da yawa kan yi zaman jimami ranar da sakamako ya fito. Sai dai ƙasar ta yi wa aikin jinya ƙofofi uku, ba ɗaya ba. Ƙofar farko makarantun sakandaren jinya ne, masu ɗaukar yaro tun daga ƙaramar sakandare, yawancinsu a jikin wani asibiti suke. Ta biyu ita ce ma'ahadul fanni, cibiyar koyon sana'ar jinya ta shekara biyu ga wanda ya gama babbar sakandare, wasu a ƙarƙashin jami'o'i irin su Jami'ar Alƙahira da Ainu Shams, wasu a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya, a ƙarshe ɗalibi ya yi watannin gwajin aiki da suke kira imtiyaz. Ta uku tsangayar jinya ce ta jami'a, shekara huɗu da ƙarin shekarar imtiyaz. Ta farko a irin wannan matakin an buɗe ta a Iskandariyya a 1955 da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya.

Abu biyu ne ya kamata mai karatu ya riƙe a nan. Na ɗaya, mafi yawan ma'aikatan jinyar Masar ta ƙofa ta farko da ta biyu suka shigo. Wanda ya taɓa raka mara lafiya asibitin Ƙasrul Aini ko na Dimardash, ko asibitin yara na Abur Rish, hannun da ya sa wa majinyacinsa ƙarin ruwa, ya canja masa bandeji, ya tashe shi shan magani, galibi hannun mai difloma ne. Mutanenmu na kwasar kuɗi su tafi Alƙahira neman magani suna yaba kulawar da suka samu, ba tare da sun san cewa wadda ta kwana a kansu ta makarantar da suke rainawa a gida ta fito ba. Na biyu, ƙofofin nan matakai ne na tsani ɗaya. Wanda ya gama ma'ahad da sakamako mai kyau yana da damar neman shiga tsangayar jinya ya kammala digiri, daga nan hanyar digiri na biyu da na uku a buɗe take. Ga 'yan ƙasa kuma akwai abin da ake kira taklif, wato gwamnati ta tura sabon ma'aikacin jinya aiki a asibitinta bayan ya gama. Shi ya sa gidajen talakawan Masar suka daɗe da gane cewa ɗiyar da ta shiga makarantar jinya kan riga ɗan'uwanta mai digirin shari'a ko kasuwanci fara kawo albashi gida.

Makarantar da babu mai son shiga

Rainin da ake yi wa wannan sana'a tsoho ne, kuma tarihinsa a Alƙahira abin dubawa ne. A 1827 mai mulkin Masar na lokacin, Muhammadu Ali Basha, ya sa wani likita Bafaranshe, Antoine Clot, wanda Misirawa ke kira Kulot Bek kuma har yau akwai titi da sunansa a tsakiyar birnin, ya buɗe makarantar likitanci a Abu Za'abal. Shekara goma bayan haka aka dawo da ita Ƙasrul Aini a bakin Nilu. A 1832 aka ƙara mata sashen horar da mata, waɗanda za a kira hakimai, don su karɓi haihuwa, su yi wa yara lambar agana, su shiga ɗakunan matan da likita namiji ba zai shiga ba. Da aka buɗe ƙofa babu uban da ya yarda ya kawo ɗiyarsa. Ƙarshenta a kasuwar bayi hukuma ta sayo 'yan mata Habashawa da Sudanawa suka zama ɗaliban farko, daga baya aka cika da marayu da 'ya'yan matalauta. Sai da aka fara koya musu karatu da rubutun Larabci kafin a shiga ilimin jiki da na haihuwa, bayan sun gama aka ba su albashi aka rarraba su cibiyoyin lafiya na birni da larduna.

Babu abin alfahari a sayen mutum, kuma waɗannan 'yan mata ba a nemi yardarsu ba. Darasin da ke ciki dai a fili yake. Aikin da masu hali suka ƙyamata ya faɗa hannun waɗanda al'umma ta riga ta fitar da rai a kansu, suka koye shi, suka riƙe shi, har ya zama ginshiƙin kiwon lafiyar mata da yara a ƙasar. Mu ma mun ga makamancin haka a kusa. Shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, ya ɗauko 'yan matan karkara da matan aure waɗanda sakamakon sakandarensu bai kai ba, ya ba su shekarar share fage suka gyara darussan kimiyya, sannan suka shiga makarantun jinya da ungozoma. Waɗanda takarda ta ce ba su isa ba, da aka ba su lokaci da malami sai ga su da farar riga a asibitocin ƙauyukansu. Ga Musulmi kuma asalin ya ma fi haka nisa: Rufaida Al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina inda take jinyar masu rauni, kuma can aka kai Sa'adu bin Mu'azu da kibiya ta same shi a yaƙin Handaƙ.

Abin da hannu ke koya

Da yawa suna ɗauka aikin nas allura ce kawai da miƙa wa likita almakashi. Bari mu matsa kusa da gado. Likita ya rubuta a sa wa majinyaci ruwa leda ɗaya, mililita 500, ya shige cikin awa huɗu. Ya tafi. Ma'aikaciyar jinya ce za ta duba robar ƙarin ruwan ta ga ɗigo 20 ke yin mililita ɗaya, ta lissafa ɗigo 10,000 a minti 240, ta tsaya da agogo a hannu tana murza ɗan maƙunshin har sai ɗigo ya daidaita a kan 42 a minti. In ta sake shi ya zuba da gudu a jikin tsoho mai ciwon zuciya, ruwa zai taru masa a huhu. In ya yi jinkiri a jikin yaron da gudawa ta tsotse, magani ya zo a makare. Ita ce ke juya wanda shanyewar jiki ta kwantar duk bayan awa biyu don kada bayansa ya ɓalle da gyambo. Ita ce ke lura cewa bugun jinin da yake 88 da magariba ya koma 120 da tsakar dare, goshi ya yi sanyi, majinyaci ya fara ƙishirwa, ta gane jini ne ke zuba a ciki tun kafin kowa ya ga ɗigonsa. Likita kan ga majinyaci minti goma a zagayen safe. Sauran awoyin yini da dare, waɗanda Misirawa ke raba su zuwa nabatshiyya, mu kuma mu ce aikin safe da na yamma da na dare, a hannun nas suke.

Irin wannan ilimi a tsaye ake samunsa, kuma nan ne makarantar sana'a ta fi ƙarfi, domin tun da wuri take tura ɗalibi ɗakin marasa lafiya ƙarƙashin idon babbar sista. Girman amfaninsa kuwa an auna shi. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna E-MOTIVE da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Abin da aka gwada mai sauƙi ne: a shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin da ya zuba, da zarar ya kai iyaka a haɗa mata matakan ceto gaba ɗaya, a murza mahaifa, a yi allurai, a sa ruwa, maimakon a riƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya. Mummunan zubar jini da abin da ke biyo bayansa ya ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Hannayen da suka aiwatar da wannan galibi na ungozomomi ne da ma'aikatan jinya. A Najeriya, ƙasar da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mata kusan 82,000 sun rasu a dalilin ciki da haihuwa a 2020 kaɗai, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, wanda ya iya wannan aiki ba ya buƙatar a sassauta murya in za a faɗi sana'arsa.

Masu ja suna da hujjarsu

Mai ja na farko zai ce: duniya ta koma digiri, me ya sa za a tura yaro difloma? Maganarsa tana da tushe. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2014, a kan asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, ya gano cewa duk ƙarin kashi 10 cikin ɗari na ma'aikatan jinya masu digiri yana tafiya da raguwar mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata da kusan kashi 7. Zurfin karatu yana ceton rai, wannan babu musu. Sai dai binciken nan ɗaya ya kuma gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas a kan nauyinta yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 7. Wato yawan hannaye ma magani ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce duniya na da ma'aikatan jinya kusan miliyan 28 kuma tana da giɓin miliyan 5.9, mafi yawansa a ƙasashe irin namu. A asibitin ƙaramar hukumar da nas ɗaya ke kwana da ɗaki guda cike, zaɓin da ke gaban majinyaci shi ne mai difloma ko kuma babu kowa sai ɗan'uwansa mai jinya da ke kwance a tabarma ƙarƙashin gado. Ga shi kuma diflomar ba ta rufe ƙofar digiri. A Najeriya mai lasisin jinya yana shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, ko ya yi digirinsa a Buɗaɗɗiyar Jami'a yana aiki yana karatu, ko ya ƙware a fanni guda: jinyar ƙashi a Dala, ta ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ta ƙwaƙwalwa a Barnawa ko Kware. Bambancin kawai shi ne wannan karon da albashinsa zai biya, ba da gonar mahaifinsa ba.

Mai ja na biyu maganarsa ta fi zafi: wanda ya shigo jinya don likitanci ya gagare shi, da ɓacin rai zai yi aikin, a kan majinyaci zai huce. Duk wanda ya taɓa jin tsawar da ake daka wa mai naƙuda a wasu ɗakunan haihuwa ya san wannan tsoro ba na banza ba ne. Amsar ita ce sharaɗi na biyu da na ambata tun farko. Aikin nan akwai kashi da fitsari da amai a cikinsa, akwai warin gyambo, akwai wankan tsohon da bai san inda kansa yake ba, akwai Sallar da za a yi kana bakin aiki, akwai gawar da kai za ka rufe wa ido. Wanda zuciyarsa ba za ta ɗauka ba gara ya sani tun kafin a biya kuɗin fom, kuma hanyar sani mai arha ce: ya yi sati biyu yana jinyar wani nasa a asibitin gwamnati, dare da rana, ya ga ko ƙafarsa za ta sake son komawa. Amma a ce sai wanda ya yi mafarkin aikin tun yana yaro ne zai iya shi, wannan bai dace da yadda mutane ke samun sana'a ba. Maƙera nawa ne suka zaɓi maƙera? Yawanci ƙaunar sana'a daga iya ta take tsirowa, ranar da mutum ya ga abin da hannunsa ya gyara ya miƙe.

Na uku shi ne abin da ba a cika faɗa da baki ba: kunya. An tafi da sunan dakta, a dawo da sunan nas? In namiji ne a ƙara da cewa aikin mata ne, alhali sashen maza da ɗakin tiyata da na agajin gaggawa a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano cike suke da maza masu wannan aiki, kuma dattijon da ke kwance ya fi sakewa in namiji ne zai sa masa robar fitsari. Kunyar nan tana da farashi, kuma yaron ne ke biya. Akwai masu zama a Alƙahira shekara da shekaru ba makaranta, iƙama, wato izinin zama, ta ƙare, ana ta ɓuya daga layin ofishin fasfo na Abbasiyya, gida ana ci gaba da cewa "yana can yana karatu", don kawai kada a ji. Shekarun da aka ƙone wajen rufe wannan asiri sun isa a gama makarantar jinya har a fara aiki.

Takarda daban, lasisi daban

Yanzu ga inda aka fi yin asara. Mutumin da ya faɗi sau ɗaya yana cikin gaggawa, mai gaggawa kuwa shi 'yan damfara ke jira. A Alƙahira da kewayenta akwai wuraren da ke kiran kansu akadimiyya, a hawa na uku na wani bene, da hoton matasa sanye da farar riga a Facebook, suna alƙawarin diflomar jinya cikin 'yan watanni. Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi ta Masar ta sha rufe irinsu tana kiransu cibiyoyin bogi, ƙungiyar ma'aikatan jinya ta ƙasar, Niƙabatut Tamrid, ita ma ta sha gargaɗi cewa takardarsu ba ta ba mutum izinin taɓa majinyaci. Mu ma muna da namu: asibitin kuɗi ya tara 'yan mata ya ɗinka musu yunifom, ya koya musu allura, ya kira su "ogziliyari", bayan shekara biyu ya ba su takardar da ba ta wuce ƙofar asibitin ba. Araha ba ta ado. A wannan sana'a abin da ke da daraja shi ne sunanka a rajistar hukumar da doka ta ɗora wa alhakin ba da izini. A Najeriya ita ce Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma, NMCN, wadda dokar 1979 ta kafa a siffarta ta yanzu.

Saboda haka ɗalibinmu da ke Alƙahira ya fara da tambayar inda yake son yin aiki, daga can ya lissafo baya. Taklif na 'yan ƙasa ne, wafid ba ya cikin lissafinsa. In gida zai dawo, majalisar ba ta yi wa mai takardar waje rajista haka kawai. Sai ta tantance makarantar da darussan da ya yi, ya yi zaman sabawa da tsarin aikin gida, sannan ya zauna jarrabawarta. Tunda karatun jinya na asali a Najeriya shekara uku ne, ko huɗu a sabon tsarin ND da HND, wanda ke shirin yin na shekara biyu a waje ya nemi amsar majalisar a rubuce kafin ya biya ko sisi, ya kuma tabbatar ta ofishin ɗaliban waje na Masar, mai shafin Idrus fi Misr, ya shiga, ba ta hannun dillali ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sau da yawa in aka baje lissafin a faifai, dala da haya da iƙama a gefe guda, kuɗin kwalejin jiha a ɗaya gefen, za a ga hanyar da ta fi kusa ita ce tikitin dawowa: makarantun jinya da ungozoma na Kano da Madobi da Dambatta, na Katsina da Malumfashi, na asibitocin koyarwa a Zariya da Sakkwato, ko makarantun ENSP a Yamai da Damagaram ga 'yan Nijar. Abin da ake nema a Najeriya kiredit biyar ne, Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu, kuma wanda ya taɓa samun gurbin likitanci ya riga ya mallake su. Shekarunsa na Masar ma ba su tafi a banza ba: ilimin sassan jikin da ya wahalar da shi can zai same shi da sauƙi a nan, ga Larabcin da ya tsinta a kasuwa da motar haya, wanda zai yi masa rana in aiki ya kai shi Saudiyya ko wata ƙasar Larabawa.

Ranar da lasisi ya shigo hannu, tambayar tsakar gida takan canja kama. Waɗanda suka ce "me zai yi?" su ne za su fara cewa "yaushe zai fita?" Shugabannin NMCN sun bayyana a farkon 2024 cewa ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku, majalisar ta fito da ƙa'idar sai mutum ya yi aikin shekara biyu kafin a tantance masa takardun fita, ma'aikata kuma suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Yaron da jiya ake jin kunyar ambaton makarantarsa, yau asibitocin Ingila da Saudiyya ke zawarcinsa, asibitin garinsu kuma babu mai kwana da marasa lafiya. Ko ya zauna ko ya tafi, me kowanne zai ci masa, kuma wa ke da haƙƙi a kan hannun da jiha ta horar? Wannan shi ne abin da babi na biyar zai ɗauka.